Manya sun ce a sasanta a gida, ni ko raina bai kwanta ba, ku ba ni shawara

Maman Walid

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi mani haƙuri da tsawon rubutu. Nan Maraɗi nike, unguwa kam ba zan hwaɗi ba, kuma sunan ga da kuka gani ba nawa ba ne.

Ɗiyar yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya muke da uwarta. Shekarunta 14, tana kwaleji, in ta taso daga lakwal da marece tana ɗaukar tallar awara don a samu na cefane, uban ba shi da ƙarhi. Shekaranjiya bayan la'asar wani mai shago, mutum da kowa ya sani cikin unguwa, da matarshi da ɗiyanshi, ya ce ta shigo da tiren daga ciki shi ba ta kuɗɗinta, ya tura ƙohwa ya yi mata fyaɗe. Yarinya ta komo gida ba ta ce ma kowa komi ba, uwar har hwaɗa ta yi mata don ciniki bai cika ba, kun ji abin da ke cin ran yayata yanzu. Sai jiya da dare da ta ga tahiyarta ba daidai ba kuma ta ƙi cin tuwo, ta matsa mata, sannan ta fashe da kuka ta hwaɗi. Ya ce mata in ta gaya ma wani sai ya yanka ta.

Yau da hantsi anka yi zama. Ƙanen uban da wani kawunsu da dangin mutumen, har da liman na masallacin layinsu. Mutumen bai ma yi gardama sosai ba, wai sharrin shaiɗan ne. Abin da sunka tsaida shi ne shi ba da jika 150 a yi mata magani, shi yi rantsuwa ba shi ƙarawa, magana ta mutu nan. Sun ce in anka je kwamisariya, wurin ƴan sanda, gari duka za shi ji, yarinya ba ta samun miji, ƙannenta ma abin zai bi su. Uban ya yi shiru bai ce i ba bai ce a'a ba, kanshi na ƙasa. Mu mata ba a ko kira mu wurin zaman ba, ta bayan zana munka ji.

Yayata ta gasa ta da ruwan zahi da bagaruwa yadda wata tsohuwa ta ce, likita kam ba a kai ta ba har yanzu, wai kada a gane. Zanen da ke jikinta ranar nan na ɗauke na ɓoye ba a wanke ba, ban san ko shina da amfani ba, zuciyata ce kawai ta ba ni.

Ni tambayata, in munka kai ta likita dole ne sai sun kira ƴan sanda? Kuma tun da an kwana biyu akwai sauran abin da za a iya yi mata ko lokaci ya wuce? Kuma in anka karɓi kuɗɗin nan shi ke nan an rufe ƙohwar ƙara? Yarinyar ba ta barci, da anka taɓa ƙyaure sai ta zabura. Don Allah wanda ya sani shi taimaka, kada a zage ni, abin ya ishe mu hakanan.

Sajfam ce

Wa alaikumus salam. Ƴar uwa, ni sajfam ce, wato ungozomar likita, na karanta, kuma kafin komi ki duba agogo. Kin ce shekaranjiya bayan la'asar, ke nan gobe bayan la'asar awa 72 ke cika. Kada ki jira zaman dangi na biyu, kada ki jira uban shi yanke shawara. Gobe da sassahe, in da hali ma daren ga, ke da uwarta ku ɗauke ta ku tahi. Matarnite, wato ɗakin haihuwa, na aiki dare da rana. In kuna tsoron idon mutane kada ku je CSI, ƙaramar likita ta unguwarku, ku hau adaidaita ku tahi CSME, likitar mata da yara, ko babbar likita, wurin da ba a san ku ba, mace biyu da yarinya sun shiga matarnite ba wanda zai tambayi dalili.

Abin da ya sa nike ta maganar awa 72, akwai maganin da ake ba wanda anka yi ma haka don kada ƙwayar sida ta kama jiki. Ana sha kullum har kwana 28, amma sai an fara shi cikin kwana ukun farko yake aiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninshi. Ba ku san lahiyar mutumen nan ba, shi kanshi wataƙila bai sani ba, ƙiba da kyan fata ba shaida ba ce. Maganin sida a likitar gwamnati ba saida shi ake ba. Na biyu maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, shi har kwana 5 ana iya ba da shi, amma shi ma na yau ya hi na gobe. Ba zubda ciki ba ne, na hwaɗi don na san wani zai taso da wagga magana, hana shi shiga ne tun farko. Yarinya mai shekara 14 in ta fara al'ada tana iya ɗauka, kuma mu da ke ɗakin haihuwa mu muka san yadda ƙugun da bai gama ƙwari ba yake ƙarewa da doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Sai maganin ciwon sanyi da sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, da allurar ciwon hanta, da ta tetanos in akwai rauni, in ta yage a yi ɗinki.

Gashin bagaruwa ku dakata da shi hakanan, kada kuma a cusa mata komi, ba toka ba alif ba wani haɗi na mai magani. An riga an yi wanka, to ba komi, kada wannan shi sa ku ce ba amfanin zuwa. Zanen da kinka ɓoye kin yi dabara. Kada ki sa shi cikin leda, leda na sa shi gumi shi ruɓe, in da damshi ki bari shi sha iska a inuwa ki naɗe cikin takarda ko ambulan babba, da ɗan kamfai in shina nan, ki tahi da su.

Batun ƴan sanda, magani daban ƙara daban. Ba sai kun zo da takardar kwamisariya za a duba ta ba. Amma zan gaya maki gaskiya, tun da ƙaramar yarinya ce, ma'aikacin lahiya na iya sanar da masu kula da kariyar yara, kuma ba tonon asiri ba ne, ba a shela da sunanta. Ku roƙi a rubuta duk abin da anka gani cikin dosiye, ku nemi sartifika medikal, takardar shaidar likita, ku aje, ko da yau ba ku da niyyar ƙara. Rauni warkewa yake cikin kwanaki, takarda ita ke zama. In kunka je kwamisariya za su ba ku wata takarda rekizisiyo da ke umurtar likita shi duba shi rubuto masu. Ku riƙe ɗan kuɗɗi a hannu saboda ordonas, takardar sayen magani.

Abu guda kuma da ke ɓata mani rai wajen iyaye, da sun shigo tambayarsu ta farko ita ce madam budurcin na nan? Ba wani gwaji da ke tabbatar da wannan, hukumar lahiya ta duniya OMS tun 2018 ta ce a bar shi don ba shi da tushe. Ana iya yi ma yarinya fyaɗe a duba ba a ga yagewa ba, ba shi nuna ƙarya take. Kada ku yi wagga tambaya gabanta.

Alhaji Na-Allah

Allah shi kyauta, Allah shi tona asirin azzalumai. Likita kam a kai ta, ban da ja a nan. Amma batun hukuma ina ba ki shawara Hajiya ki bi a hankali. Ke ƙanwar uwa ce, yarinya tana da uba da baffanni, in kinka tsallake su kinka tahi kwamisariya auren yayarki za ki girgiza, gobe a ce ke kinka tona ma gidan asiri. Kuma mun san garin ga. Magana in ta shiga bakin mata gidan biki ba ta fita, shekara biyar nan gaba in mai neman aure ya zo bincike abin da za a fara gaya mashi ke nan. Shi namiji ko kaso ya je ya fito aure zai ƙara, ita ce da tabo. Sannan shari'a kuɗɗi da lokaci take ci, yau a ce ku komo gobe a ce zuju, wato alƙali, ba shi nan, talaka mai saida awara ina ya ga wannan juriya. Manyan da sunka ce a rufe ba mugunta ce ta sa su ba, rufin asirin ɗiyarsu suke nema. A ƙara kuɗɗin, a sa shi tashi daga unguwar, a bar shi da Allah. Ra'ayina ke nan.

Ɗan Tawa

Alhaji da girmanka, amma a sa shi tashi daga unguwar shi koma ina? Duk inda ya buɗe shago akwai ƴan talla. Mutum mai mata da ɗiya da ya san shi tura ƙohwa, ya san shi ce zan yanka ki, da wuya a ce ranar nan ya fara. Wataƙila an taɓa irin wanga zama a kanshi wani wuri, an karɓi kuɗɗi an yi fatiha, shi ya sa ya iso ga wannan yarinya. Yau in ya biya jika 150 ya san farashin ke nan.

Maman Walid, ni shari'a na karanta kuma ina zuwa tirbinal, wato kotu, kusan kullum saboda aiki, bari in amsa maki tambayarki ta uku. Karɓar kuɗɗi ba shi rufe komi. A dokar Nijar fyaɗe babban laihi ne, kirim, ba rikicin gona ko bashi ba ne da mai unguwa ko hakimi ke da hurumin sasantawa. Sarakunan gargajiya doka ta ba su sulhu kan al'amuran al'ada da na dukiya, ban da manyan laihuka. Kundin hukunta laihuka, na 1961 da anka yi ma gyara a 2003, ya ce wanda ya yi fyaɗe kaso na shekara 10 zuwa 20, in yaron ko yarinyar ba su kai shekara 13 ba 15 zuwa 30, in kuma mai laihin uba ne ko malami ko wani mai iko a kan yaron, ko taron dangi anka yi mata, hukuncin ya hi haka nauyi. Kuma da zarar magana ta kai ga furokire, mai gabatar da ƙara na gwamnati, ko iyaye sun ce sun yahe shi yana iya ci gaba, don ƙarar ta al'umma ce ba tasu kaɗai ba. Saboda haka rantsuwar da anka shirya da takardar da za su ce a sa hannu ba su ɗaure ku ba. Ni dai shawarata kada a taɓa kuɗɗin, don gobe lauyanshi zai ce ciniki anka yi.

Inda za ku: kwamisariya, ku ce kuna son sashen kula da mata da ƙananan yara, birgad de minar, ko jandarmari in abin wajen gari ya faru, ko ku rubuta kai tsaye ga furokire a babbar kotun Maraɗi. Ku nemi mace ta saurare ta in akwai, kuma uwar ta zamna kusa. In mutumen ko danginshi sunka yi barazana ku kira 17, saƙon waya ko vokal da sunka turo kada a goge. Batun kuɗɗin lauya da Alhaji ya kawo, akwai hukumar ANAJJ da gwamnati ta kafa tun 2011 don ba marasa ƙarhi taimakon shari'a kyauta, suna da buro cikin manyan kotuna, ƙananan yara na cikin waɗanda suke ɗauka. Akwai ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, akwai SOS FEVVF mai taimakon mata da yaran da anka ci zarahinsu, akwai ma'aikatan kariyar yara na jiha, su suna raka iyali. Kuma ana iya roƙon a yi zaman shari'a ƙohwa rufe. Diyyar da ake kwaɗaita maku da ita a zaure, kotu ma tana yanke ta, ba tare da an sake shi ba.

Ba zan ce maki abin da sauƙi ba, nan Alhaji ya yi gaskiya. Dosiye na wucewa hannun alƙali mai bincike, wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara. Za a tambayi yarinya abu guda sau da yawa. Dangin mutumen za su yi ta aiko manya da goro da kuka, ranar da anka kama shi ku za a mayar azzalumai, a ce kun raba uba da ɗiyanshi. In shaidar likita ba ta da ƙarhi ana iya sassauta tuhumar ta koma ƙaramin laihi, shi ya sa maganar madam ta sartifika ita ce gaba da komi. Roƙona na ƙarshe, samarin gidanku kada su je su duke shi ko su ƙone shagon, kuma kada kowa shi sa hotonshi ko sunan yarinya a WhatsApp ko Facebook. Ku za ku koma masu laihi, ita kuma sunanta ya tahi inda ba a iya maido shi.

Malam Almajirin Malamai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ga an ce har da liman a zaman, shi ya sa na ga ya wajaba in ce wani abu, kada a ɗauka addini ne ya ce a yi hakan.

Yarinyar nan ba ta da zunubi ko ƙwayar zarra. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke wa al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wata mace ta fito za ta masallaci wani ya auka mata, ta yi kururuwa ta faɗa wa mutane, aka kai magana gabansa. Bai ce mata don me kika fito ba, bai ce ki rufa wa kanki asiri ba, ya sallame ta ba laifi a kanta, hukunci ya koma kan namijin. A mazhabarmu ta Malikiyya, Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ce wanda ya tilasta mace, haddi a kansa yake kuma ya biya ta sadakin irinta, ita ba uƙuba a kanta. Ku lura, biya da hukunci tare, ba biya a madadin hukunci ba. Suturta musulmi da ake kafa hujja da shi, malamai sun yi bayaninsa kan wanda ya yi saɓo tsakaninsa da Ubangijinsa, ba wanda ke cutar bayin Allah ba. Asirin da ya wajaba a rufe a nan na yarinya ne, a kame baki daga yaɗa sunanta. Kai ƙara wurin hukuma ba yaɗawa ba ne, neman haƙƙi ne.

Kuma kada wani ya kawo shawarar a aura masa ita don a rufe, na san ana yi a ƙauyukanmu. Zalunci ne a kan zalunci. Ku samu uban a keɓe, ba gaban ƙannensa ba, shirun da ya yi ina zaton ba yarda ba ce, kunya ce da rashin abokin shawara. A tuna masa amana ce Allah zai tambaye shi.

Maman Walid

Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Madam mun tahi tun da asuba, mun ce ma mutanen gida awo za ni ta raka ni. An duba ta, an yi mata gwajin jini, an fara ba ta maganin kwana 28 da na hana ciki, an yi allura, takarda kuma sun ce mu komo mu karɓa. Wadda ta duba ta Allah shi yi mata albarka, ta fitar da mu waje ta yi magana da ita su biyu. Sai dai tun da munka komo take amai kuma ta ce kanta na juyawa. Uban mun gaya mashi bayan mun dawo, ya yi hawaye, ya ce kuɗɗin kam ba shi taɓawa, amma kwamisariya a ba shi lokaci shi yi tunani. Ƙanen nashi ya zo yana ta hwaɗa wai na shiga abin da ba ruwana.

Baiwar Allah

Ban taɓa rubuta wagga magana ko'ina ba. Ni an yi mani ina ƙarama, ɗan uwa ne na cikin gida, kuma irin wanga zama anka yi, an yi fatiha kowa ya watse. Yau ina da aure da ɗiya, miji bai gagare ni ba Alhaji, amma duk salla sai na gaishe da mutumen nan na durƙusa, don ba wanda ya taɓa ce mashi komi. Abin da ya hi ci mani rai ba shi ba ne, innata ce da ta ce mi ya kai ki ɗakinshi. Ta rasu ban daina jin wannan tambaya ba.

Don haka Maman Walid ga abin da nike roƙonki, ku da ke kusa da ita. Kada kowa shi tambaye ta don mi kinka shiga, don mi ba ki yi ihu ba, don mi ba ki hwaɗi da wuri ba. Wallahi jiki sandarewa yake, murya ba ta fita, kana gani kana ji amma ba ka iya ɗaga ko yatsa, ba yarda ba ce, tsoro ne. Ki ce mata da bakinki na yarda da ke, ba laihinki ba ne, ki sake hwaɗi gobe da jibi don ba ta ji da sau ɗaya. Uwar ta ba ta haƙuri kan hwaɗan cinikin nan, ƙaramin abu ne wurin manya amma ita tana riƙe da shi. Kada a sa ta ta yi ta maimaita labarin ga duk gwaggon da ta shigo, wanda ya kamata shi ji ya ji. Kuma kome za a yi a gaya mata tukuna, za mu je wuri kaza, za a tambaye ki kaza, kina so in shiga da ke ko innarki. An riga an yi mata abu ba da sonta ba, kada taimakon ma shi zo mata da ƙarhi.

Za ku ga abubuwa. Wata rana ta yi wasa da dariya har ku ce ta manta, washegari ta ƙi fita ɗaki. Tana iya fitsarin kwance, tana iya wanka sau biyar, tana iya tsanar warin wani turare ko ta ƙi zama kusa da babanta ma, kada shi ji haushi. Mutane za su ce aljannu ne a kai ta ruƙiyya. Addu'a kam a yi, amma a nemi mai ilimin kwantar da hankali a likita ko wurin ƙungiyoyin da Ɗan Tawa ya lissafa. In kinka ji ta ce gara ta mutu, ko ta fara maganar ba ta da amfani, kada ki ce yarinta ce, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ɓera da fiya-fiya da ƙwayoyi daga ɗaki, a koma likita ranar. In da hali ki ɗauke ta ta zamna wurinki kwana biyu don kada ta riƙa wucewa ta gaban shagon. Lakwal kuma kada a cire ta, kada a yi saurin yi mata aure don a huta, ni abin da anka yi mani ke nan.

Su ƙannenta da sauran ƴan tallan layin, mata da maza, don yara maza ma ana yi masu kuma su sun hi ɓoyewa, a gaya masu ciniki bakin ƙohwa ake yi, ba shiga shago ba shiga zaure ba shiga kango, ko wa ya kira, ko kuɗɗin ya zube. Kuma su san in sun komo da ciniki bai cika ba ba a dukansu. Yaro da ke tsoron bulala shi ke bin mai cewa shigo in ba ka canji.

Sajfam ce

Alhamdu lillahi da kunka samu lokacin. Tashin zuciya da jiri da kasala ana samunsu kwanakin farko, suna lafawa, kada ta bar maganin saboda su, kuma kada a tsallake rana, kullum lokaci guda har 28 ta cika. Ta ci ɗan abinci kafin ta sha, ko kunu ne. Amma ki tuna mani, aman nan bayan awa nawa da shan na hana ciki ya zo? In bai kai awa biyu zuwa uku ba ku koma yau a sake ba ta, wataƙila bai zauna ba. In kinka ga ƙuraje sun feso ko idonta ya yi ɗorawa ko zazzaɓi ko jini, ku koma ba jiran randebu. Gwajin jinin yau na nuna yadda take kafin abin ne, sai an sake bayan makonni sannan wata uku. In al'ada ta yi jinkiri a yi gwajin ciki.

Ɗan Tawa

A ba uban kwana ɗaya biyu ba laihi, in ya taka da ƙahwarshi ya hi, don ƙannenshi su rasa bakin magana. Amma ki sani ba sai da sa hannunshi ba, uwa ma tana iya kai ƙara, ke kanki kina iya sanar da hukuma. Kada dai a ja har mutumen shi ji ƙishin-ƙishin shi kulle shago, Ɗan Isa ba nisa, in ya tsallaka Jibiya samo shi aiki ne. Ranar da za ku, ku riƙe takardar haihuwarta don shekarunta su tabbata, da sartifika, da zanen, da katin ɗan ƙasa na uwar, kuma ki rubuta sunayen waɗanda sunka zamna zaman nan da mutumen ya ce sharrin shaiɗan ne, don gabansu ya amsa.